Cinikin Gida Bai Ƙare Da "Na Sallama" Ba

 Maganar yau ta sayen gida ce da sayar da shi, domin mutanenmu sun ƙware a kowane irin ciniki ban da wannan. Attajirin da ba ya karɓar turmin atamfa sai ya warware ya duba, ba ya sayen doki sai ya ga haƙoransa ya ga tafiyarsa, shi ne za ka ga ya ƙirga dukiyar da ya tara cikin shekara 20 ya miƙa a zaure ɗaya, a yini ɗaya, bisa takarda mai layi shida da sa hannun mai unguwa. An yi addu'a, an raba goro, dillali ya karɓi la'adarsa, kowa ya watse yana cewa ciniki ya faɗa. Ni kuwa ra'ayina shi ne a wannan sa'a ciniki rabi ya kai, kuma rabin da aka bari shi ne wanda ke tashi ya ci marayu bayan mai saye ya kwanta dama.

Mu fara da abin da ke cikin littattafanmu. A mazhabar Imamu Malik ciniki yana ƙulluwa da abin da ya nuna yardar mai saye da mai sayarwa. Da zarar wannan ya ce ya saya, wancan ya ce ya sallama, magana ta ɗauru ko ba su tashi daga kan tabarma ba, domin Malikawa ba su yi aiki da zaɓin majalisi ba yadda Shafi'awa suka yi. Wanda ya san haka ya kamata ya ji tsoron harshensa. Amma ba a bar mai saye cikin ƙunci ba, an buɗe masa ƙofar hiyari, watau ya sharɗanta tun wurin ƙulla ciniki cewa yana da zaɓi zuwa wani lokaci sananne, ya duba, ya yi shawara, in ya so ya zartar, in ya so ya fasa. Asalin wannan yana cikin Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, Muhtasar na Halilu kuwa ya ƙayyade lokacin gwargwadon abin sayarwa, tufa 'yan kwanaki, gida kamar wata guda. Har wa yau sun ce ba ya halatta a sharɗanta biyan kuɗi cikin kwanakin hiyari, saboda kuɗin yana jujjuyawa tsakanin ya zama rance in an fasa, da ya zama tamani in an zartar.

Ka dubi wannan sauƙi, ya ɗan'uwa. Wata guda cur, gida yana jiranka, kuɗinka yana hannunka. Almajirai suna biya wannan babi a zaure shekara da shekaru, amma da wuya ka ji an ambaci hiyari a cinikin gida. Abin da ake ji shi ne muryar dillali, wai akwai wani Alhaji da zai zo da kuɗi bayan La'asar, in ba ka ajiye wani abu yanzu ba ka rasa. Dillali ba abokin gaba ba ne, sana'arsa halal ce, la'adarsa halal ce in an san ta an yarda da ita. Sai dai a tuna ba ya samun ko anini sai ciniki ya faɗa, saboda haka gaggawa ribarsa ce, jinkiri kuwa ribarka ce. Gidan da ba zai jira binciken kwana 30 ba, lalle akwai abin da ake gudun ka gani.

Abin da ake ajiyewa ɗin nan, wanda muke kira kafin alƙalami, shi ma yana da hukunci. In bisa sharaɗin ne cewa mai saye ya fasa kuɗin ya zama na mai gida, to shi ne urbunin da Imamu Malik ya hana a Muwaɗɗa, ko da yake Hanbalawa sun halatta. In kuwa za a lissafa shi cikin kuɗi in an zartar, a mayar in an fasa, babu laifi. A rubuta wanne aka yi, domin rigimar kafin alƙalami ta raba aminai da yawa.

To, me za a yi da watan? Tambaya ta fari ita ce, wane ne mai gidan. Sau da yawa wanda ke zaune ciki, yana riƙe da mabuɗi da takarda, ɗaya ne kawai daga cikin masu shi. Yawancin gidajen da ake sayarwa a tsofaffin unguwanninmu na gado ne, kuma nan ne ramin ya fi zurfi. Mu buga misali. A ce mutum ya rasu ba shi da iyaye a raye, ya bar mata ɗaya, 'ya'ya maza 2 da mata 3, da gida wanda aka yi wa ƙima naira miliyan 24. Bayan an fid da kuɗin jana'iza da bashi da wasiyya daga sauran tarika, matar tana da tumuni, watau miliyan 3. Saura miliyan 21 a kasa 7, kowane namiji kashi biyu, miliyan 6, kowace mace kashi ɗaya, miliyan 3. Babban ɗa, wanda shi ne ke fitowa zaure ya yi magana da dillali, abin da ya mallaka rubu'in gidan ne tak. Wanda ya ƙirga masa miliyan 24 bisa faɗarsa ta cewa ai duk sun yarda, rubu'i ya saya tabbas, sauran kashi uku kuwa cinikin fuduli ne, watau na mai shisshigi, wanda yake a rataye sai masu abu sun zartar.

Kuma rubu'in nan ma ba a kwance yake ba, domin akwai shufu'a. Abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin ya biya mai saye kuɗin da ya bayar ya karɓe rabon, ko mai saye bai so ba. A wurin Malikawa wannan haƙƙi na abokin tarayya ne, maƙwabci ba shi da shi, saɓanin Hanafawa. Wanda yake gari, ya san an sayar, ya yi shiru har shekara ta wuce, haƙƙinsa ya faɗi. Wanda ba ya nan kuwa yana kan haƙƙinsa komai daɗewar tafiyarsa. Mu kuwa mutane ne matafiya. Gida nawa ne a Kano ko Katsina ko Zariya da ba su da magaji a Kumasi, ko Njamena, ko Sudan, ko Makka? Ɗan da ya tafi fatauci shekara 15 ba a ji ɗuriyarsa ba yana iya sauka ranar Juma'a, ran Asabar ya tsaya ƙofar gidan ubansa, kuma hukunci yana tare da shi.

Mata su ne aka fi zalunta a nan. 'Yar da ke ɗakin mijinta a wani gari, da matar mamaci da ke takaba, da wuya a kira su. Sai a ce kunya ce, ko a ce yayansu ya isar musu. Yaya ba wakili ba ne sai an wakilta shi gaban shaidu. Tuhfatul Hukkami ta Ibnu Asim, wadda alƙalanmu suka daɗe suna hukunci da ita, ta bambanta tsakanin wanda aka sayar da kayansa yana zaune a majalisin ya yi shiru, da wanda aka sayar ba ya nan, na biyun yana da ikon warwarewa in labari ya iske shi. Maraya kuwa ba mai taɓa gidansa sai wasiyyi ko alƙali, su ma sai da dalili daga cikin dalilan da malamai suka lissafa, kamar bukatar ciyar da shi ko tsoron rushewar ginin. Wani zai ce, ai in na zauna shekara 10 ba a yi magana ba hauzi ya rufe bakin kowa. Hauzi yana aiki ne a kan wanda yake nan, ya sani, babu abin da ya hana shi magana. Ba ya gudana a kan matafiyi, ba ya gudana a kan yaro. Saboda haka gidan gado ba a sayensa sai an ga takardar rabon gado ta kotu, an ƙirga sunayen da ke ciki, an ji yardar kowane baligi daga bakinsa ko bakin wakilinsa.

Cikin watan nan kuma a duba ginin kansa, kuma gida da damina ake saninsa. A ga inda ruwan indararo ke zuba, a san katangar da ake tarayya da maƙwabci, a san ko akwai 'yan haya da saura wata nawa gare su. Malamai sun kasa aibin gida uku: ƙarami wanda ba a dubawa, matsakaici wanda ake rage kuɗi saboda shi, da babba wanda ake mayar da gida dominsa, da yawansu sun ƙaddara shi da sulusin kuɗin. Mai gida da ya san aibi wajibi ne ya bayyana.

Yanzu mu zo ga rabin da ake bari, shi ne na hukuma. Mu 'yan Arewa mun riga kowa a Nijeriya sanin wannan tsari. Bayan Turawa sun ci ƙasa a 1903, sun kafa kwamiti a 1908 ya duba sha'anin ƙasa, a 1910 suka yi doka wadda ta sa ƙasar Arewa ƙarƙashin ikon Gwamna, aka sabunta ta a 1916. Gwamnatin Sardauna ta yi tata a 1962, iko ya koma hannun Minista, kuma tun a lokacin mai takardar gwamnati ba ya sayar da fili sai da izni. Ran 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, wadda ta ɗauki yawancin tsarin Arewa ta shimfiɗa wa ƙasa duka, ita ce ake aiki da ita har yau. Sashenta na 1 ya danƙa ƙasar kowace jiha ga Gwamna, amana domin jama'a. Abin da mutum ke da shi a idon wannan doka haƙƙin zama ne da amfani. A birni Gwamna ke bayarwa, da takardar shaida wadda 'yan kasuwa ke kira satifiket, galibi ta shekara 99. A karkara ƙaramar hukuma tana ba da haƙƙi irin na al'ada.

Ga inda gizo ke saƙa. Sashe na 22 ya hana mai haƙƙin da Gwamna ya bayar ya sayar, ko ya jinginar, ko ya miƙa wa wani, sai ya fara samun iznin Gwamna. Sashe na 21 ya ɗora irin wannan a kan haƙƙin al'ada, da yardar ƙaramar hukuma. Sashe na 26 ya ce duk ciniki ko takarda da ta saɓa wa dokar banza ce. Kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba, sashe na 28 ya lissafa sayarwa ba da izni ba cikin dalilan da Gwamna ke iya soke haƙƙin gaba ɗaya. Kada mai tsohon gida ya ce shi kakansa ya gina tun kafin Obasanjo, ba ruwansa. Sashe na 34 ya ɗauki masu gidajen birni na kafin 1978 tamkar Gwamna ne ya ba su. An gwada wannan a shari'ar bankin Savannah, inda wani mutumin Legas ya jinginar da kadarar da ya mallaka tun kafin dokar, da banki ya zo sayarwa sai ya ce ai ba a nemi iznin Gwamna ba. A 1989 Kotun Ƙoli ta yanke cewa izni ya hau kan irinsu ma, jinginar ta ɓaci. Banki mai lauyoyi ke nan, balle kai da takardar mai unguwa. Daga baya kotuna sun yi ta kai da kawowa kan ko wanda neman izni ke wuyansa yana iya cin ribar sakacinsa, amma mai hankali ba ya gina gidansa a kan saɓanin alƙalai. Sauƙin da aka samu shi ne hukuncin 1995 a shari'ar kamfanin Awojugbagbe, cewa ba laifi ba ne a ƙulla yarjejeniya a rubuta kafin izni ya fito, sai dai tana nan ba ta cika ba sai ya fito.

To, dubi al'adarmu. Satifiket yana fitowa da sunan mutum na fari. Ya sayar wa na biyu ya miƙa masa takardar, na biyu ya miƙa wa na uku, har na biyar, kowa yana ajiye ta cikin akwati tare da 'yar takardar ciniki, littafin gwamnati kuwa bai san kowa ba sai na fari. Wannan na fari, ko ɗansa bayan ransa, in ba mai tsoron Allah ba ne, yana iya rantsuwa cewa takarda ta ɓata, ya nemi kwafi, ya sayar wa wani ko ya kai banki. Bisa ƙa'ida wanda ya riga yin rajista shi ne a gaba, sai fa in an tabbatar ya saya alhali ya san da wani. Gaskiya ne kotu tana duba haƙƙin wanda ya biya kuɗi ya shiga gida, amma tabbatar da wannan shari'a ce ta shekaru, ga kuɗin lauya, ga zirga-zirga, kuma shaidun zaure ba su dawwama. In gwamnati za ta yanka hanya, sanarwar soke haƙƙi ga mai suna a littafi ake aikawa. In kana neman jari, banki ba ya karɓar takarda mai sunan wani. Ran da magadanka suka so gyarawa, sai sun nemo mutum na fari ya sa hannu, in ya rasu sai sun tattaro magadansa duka, a nan ne za a ce musu gidan ya yi araha a wancan lokaci, sai an ƙara. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Waɗansu suna kauce wa izni da takardar wakilci, mai gida ya rubuta cewa ya wakilta mai saye ya yi yadda ya so da gidan. Kotun Ƙoli ta faɗa tun 1993 cewa takardar wakilci ba ta mayar da mallaka, izni ne kawai na yin aiki da sunan wani. Malamai ma sun san wakilci yana faɗuwa da mutuwar wanda ya wakilta. Takardar mai unguwa ko dagaci kuwa ban raina ta ba, domin su suka san iyaka, suka san wanda ya gaji wane, shaidarsu tana da nauyi. A karɓe ta a matsayin shaida, amma doka ba ta ba su ikon mayar da haƙƙin ƙasa daga wani zuwa wani ba. Masu saye a kewayen Abuja su fi kowa kiyayewa, domin ƙasar babban birnin tarayya ta Gwamnatin Tarayya ce, Minista ke bayarwa, shi ke ba da izni, takardar sarkin ƙauye ba ta tsayar da motar rusau.

Satifiket kansa ma ba a yi masa makauniyar yarda. Akwai na jabu, akwai na gaskiya da ke jingine a banki, akwai wanda aka soke mai shi bai faɗa ba. Kuma a 1990 Kotun Ƙoli ta bayyana cewa satifiket ba hujja ce yankakkiya ba, in wani ya zo da haƙƙin da ya riga shi ya fi shi ƙarfi, ana rushe shi. Maganin wannan bincike ne a ofishin ƙasa, KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna, AGIS a Abuja, waɗansu jihohi kuma a ma'aikatar ƙasa da safiyo. A biya kuɗin bincike, a ga sunan da ke littafi, a ga ko akwai jingina ko ƙara ko bashin kuɗin ƙasa na shekara-shekara. Sa'an nan a ɗauki safiyo ya je ya gwada, ya tabbatar filin da ke zane a takarda shi ne wanda ƙafarka ke kai. Wanda ya biya ba tare da wannan ba ya yi cinikin biri a sama.

Akwai kuma abin da ya kamata malamai musamman su sani, domin su ake fara kawo wa kuka. Mutum yana ƙulla cinikinsa bisa fiƙihu yana zaton in rigima ta tashi alƙalin Shari'a zai duba. Sashe na 39 na dokar 1978 ya keɓe wa Babbar Kotun Jiha shari'ar filin da ke ƙarƙashin haƙƙin da Gwamna ya bayar. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a kuwa, sashe na 277 na tsarin mulkin 1999 ya iyakance ta ga aure, da gado, da wasiyya, da kyauta, da waƙafi, da riƙon yara da makamantansu, kuma Kotun Ƙoli ta sha rushe hukuncinta in rigimar ta mallakar fili ce zalla. Ashe ke nan gidan birni, in ya kai ga ƙara, gaban mai tambayar takarda da rajista za shi.

Na san abin da wani malami zai ce, Allah ya gafarta masa: wannan dokar soja ce, ciniki ya inganta da ijabi da ƙabuli, sauran duk ƙari ne. Ban musa ingancin ciniki ba. Amma aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take da kafa shaidu a ciniki, kuma ko da jumhuru sun ɗauki umarnin a kan mustahabbi, manufarsa a fili take, a toshe ƙofar musu. Sa hannun shugaba a sha'anin ƙasa kuma ba baƙon abu ba ne gare mu. Malikawa sun ce raya matacciyar ƙasa da ke kusa da gari sai da iznin shugaba, kuma Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya keɓe littafi guda, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da ƙasa. Abin da ya fi wannan ƙarfi a wurina shi ne miƙawa. Wajibi ne mai sayarwa ya miƙa abin da ya sayar miƙawa cikakkiya, kuma miƙa kowane abu gwargwadon yadda ake mallakarsa ne a zamaninsa. Wanda ya ba ka mabuɗi, amma ya bar sunansa a littafin da hukuma ke dubawa, ya ba ka ɗaki ya riƙe igiyar gidan a hannunsa. Dokar ma a wuyan mai sayarwa ta rataya neman izni, ko da yake a aikace mai saye ke wahalar. A ganina sa hannu a takardun neman izni, da zuwa ofis in an kira, yana cikin cikar miƙawa, wanda ya ƙi bayan ya karɓi kuɗi ya tauye haƙƙi. Ina roƙon malaman da suka fi ni sani su duba wannan, in sun ga daidai ne su faɗa a majalisansu, domin abin da aka ji daga bakin malami ya fi shiga kunnen Alhaji bisa abin da lauya ya faɗa.

Hanyar da nake ba da shawara ba ta da wuya. A ƙulla ciniki bisa hiyari na wata guda, a yi bincike a ciki. In an zartar, lauya ya rubuta takardar mayar da haƙƙi, domin doka ta keɓe wa lauyoyi rubuta irinta da lada, a karanta wa kowa da Hausa kafin ya sa hannu, a bayyana iyaka ta fuska huɗu da kuɗi na gaskiya. Masu rage kuɗi a takarda don gudun haraji su sani ran da aka ƙwace gidan da hujja, abin da ke rubuce shi za su nema daga mai sayarwa. A wannan zama ɗaya mai gida ya sa hannu a takardun neman izni, ya miƙa satifiket na asali. Kada a biya kuɗi duka. A bar wani kashi mai nauyi zuwa ajali sananne, wata 3 ko wata 6, a ajiye shi hannun amintacce wanda duka biyu suka yarda da shi. Na ce sananne domin in aka ce sai ran da izni ya fito, an jingina biya ga lokacin da ba wanda ya san shi, wannan kuwa yana ɓata ciniki a fiƙihu. A rubuta wanda zai biya kuɗin izni da na hatimi da na rajista. In gidan gado ne za a tsaga, a tuna sashe na 24 ya hana raba haƙƙin da Gwamna ya bayar gida biyu ko fiye saboda gado sai da izninsa.

Attajiri zai ce, Malam, kai ba ka san ofis ba, kuɗi da yawa, jira da yawa. Yana da gaskiya, kuma laifin nan na hukuma ne. Mutane ba su guje wa rajista don ƙin doka ba, tsada da jan rai suka kore su. Marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran sha'anin ƙasa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya kuma aika wa majalisa ƙudurin taƙaita neman izni ga sayarwa kaɗai, a sauke shi daga jingina da ba da haya mai tsawo, amma bai zama doka ba. Wahalar ita ce sashe na 315 na tsarin mulki ya ɗaure dokar 1978, ba a taɓa ta sai ta hanyar da ake gyara tsarin mulki. Duk da haka gwamnoni ba su da uzuri. Kuɗin izni da na rajista jiha ke yankawa, tana iya ragewa gobe. Sashe na 45 ya yarje wa Gwamna ya wakilta kwamishina ya sa hannu, babu dalilin da fayil zai kwana wata da watanni yana jiran alƙalamin mutum ɗaya. A yanka kwanaki sanannu, a manna farashi a bango da boko da ajami, a buɗe hanya mai sauƙi ga gidajen da suka bi hannu huɗu ko biyar ba a canja suna ba. Kuɗi kaɗan daga mutum dubu ya fi wa baitulmali amfani bisa kuɗi mai yawa daga mutum goma.

Saura magana ɗaya ga masu saya wa 'ya'yansu ƙanana. Sashe na 7 ya hana Gwamna ba da haƙƙi ko iznin sayarwa ga wanda bai kai shekara 21 ba, sai ta hannun waliyyi ko amintacce da aka naɗa domin haka, saboda haka rubuta sunan yaro kai tsaye yana iya tsayar da takarda a ofis. A fiƙihu kuwa kyauta ba ta cika sai da karɓa kafin mai bayarwa ya rasu. Uba yana karɓa a madadin ɗansa ƙarami in ya kafa shaidu, sai fa gidan da shi kansa yake zaune ciki, wannan sai ya fita ya bar shi. In ya ci gaba da zama har ajali ya same shi a ciki, gidan ya koma tarika, a raba shi tsakanin magada duka.